Kiɗan da Ba a Yanka wa Tikiti: Abin da Baƙo ke Ji Kyauta daga Birnin Kano zuwa Gonakin Kura da Bunkure

Tsakure

Maƙalar ta duba wurare da lokutan da baƙo kan saurari kiɗa da waƙa ba tare da ya biya komai ba, ko kuma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a birnin Kano da yankin noman rani na Kura da Bunkure. Ta nuna cewa wannan arha ta samo asali ne daga tsarin da ya ɗora nauyin makaɗi a kan wanda aka wasa, ya bar ɗan kallo ya ci bagas. Ta kuma bi diddigin lokuta iri uku da ke juya kiɗa a yankin, wato lissafin wata da lissafin damina da rani da kuma lokacin sakin ruwan dam, domin a ga abin da ruwan Tiga ya ƙara da abin da ya rage a dandalin ƙauye.

1.0 Gabatarwa

A biranen da suka yi suna da kiɗa, irin su Landan ko Alƙahira ko Dakar, baƙo kan fara ne da tambayar zauren da za a yi wasa da kuɗin shiga. Wanda ya iso Kano da wannan tambaya a bakinsa zai iya komawa gida yana cewa garin ba shi da kiɗa, alhali tun daga tashar da ya sauka har masaukinsa kunnensa bai huta ba. Kano cibiya ce ta waƙar Hausa ta zamani, kuma tsohuwar matattara ce ta makaɗan fada da na sana'a da na jama'a, amma kaɗan ne ƙwarai daga wannan kiɗa ake killacewa a ɗaki a tsayar da mai karɓar kuɗi a ƙofa. Mafi yawansa a sarari yake: a ƙofar fada, a zawiyya, a gidan biki, a bakin kasuwa, a cikin A Daidaita Sahu.

Tambayar da ta dace ke nan ita ce yaushe ake kiɗan, don wa ake yin sa, kuma wa ya ɗauki nauyinsa. Masana sun daɗe da share wannan fage. Smith ya yi bayanin roƙo da matsayin maroƙi tun a 1957, Ames da King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Ɗandatti Abdulƙadir ya nazarci Mamman Shata a 1975, sannan Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara rabe-raben makaɗa da hanyar nazarin waƙar baka. Duk waɗannan sun fi mayar da hankali ga makaɗi da ubangidansa. Mutum na uku, wato ɗan kallon da bai gayyaci kowa ba kuma ba a wasa shi ba, shi ne abin dubawa a nan, kuma baƙo shi ne mafi bayyanar misalinsa.

2.0 Kyauta Iri Biyu

Kalmar kyauta tana ɗauke da ma'ana biyu da suka haɗu a wannan batu. Akwai kyauta ta abin da aka samu ba a biya ba, akwai kuma kyauta ta abin da aka bayar don karamci. Baƙo yana jin kiɗa kyauta ne a ma'ana ta farko, saboda wani ya riga ya yi kyauta a ma'ana ta biyu. Sarki ya ba makaɗinsa doki da riga da hatsi, attajiri ya ba da kujerar Makka ko mota, uwar biki ta yi liƙi, ɗan dambe ya raba abin da ya samu da mai kalangunsa. Sautin kuwa ba ya tsayawa a kunnen mai bayarwa. Hasali ma mai bayarwar ba ya son ya tsaya, domin yabon da ba a ji ba bai biya kuɗinsa ba. Taron 'yan kallo wani ɓangare ne na abin da ubangida ya saya: su ne shaidun da za su kai labari gaba. Saboda haka baƙon da ya tsaya a gefe yana saurare ba cima-zaune ba ne, da tsayuwarsa ya biya.

Sai dai wannan matsayi yana da iyaka, kuma iyakar ita ce suna. Muddin baƙo yana cikin taro ba a san shi ba, babu abin da ke kansa. Da zarar maroƙi ya gano sunansa ko garinsu ko sana'arsa ya jefa a cikin kirari, ya tashi daga ɗan kallo ya koma wanda aka wasa, kuma al'ada ta wajabta masa ya sa hannu a aljihu. Ba a yanke adadi, gwargwadon hali ne da gwargwadon shiga, don haka mai babbar riga ya fi mai 'yar shara shiga haɗari. Wanda ya yi kunnen uwar shegu ba za a kama shi ba, amma makaɗi yana da zambo da habaici, kuma su ma a gaban jama'a ake yin su. Wannan ne harajin da ke tsare tsarin gaba ɗaya.

3.0 Lissafin Wata: Fada da Zawiyya da Unguwa

Manyan lokutan kiɗan birni suna bin watannin Musulunci ne, don haka sukan matso da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara. Baƙon da ya ga hawa cikin hunturu, in ya dawo bayan wasu shekaru zai tarar da shi cikin damina.

3.1 Fada

Tarihin Kano ya danganta shigo da kakaki ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda kuma shi ya gina fadar da ake kira da sunansa ya kafa Kasuwar Kurmi. Har yau kakaki da tambari kayan sarauta ne da ba a busa wa ko a kaɗa wa kowa sai sarki, amma kowa yana da ikon ji. Al'adar fadojin ƙasar Hausa ce makaɗa da mabusa su hallara a ƙofar fada daren Juma'a su yi wa sarki kiɗa, abin da Ames da King suka kawo da sunan sara. Tambura kuwa akan ji su a daren Sallah da lokacin naɗin sarki.

Babban fagen dai shi ne hawan Sallah. A ranar Idi sarki kan dawo daga filin Ƙofar Mata bisa doki, washegari a yi Hawan Daushe inda yakan ziyarci Babban Ɗaki ya komo ta Ƙofar Kudu a yi jafi, rana ta uku a yi Hawan Nassarawa, daga baya a rufe da Hawan Ɗorayi ko na Fanisau. Ga mai nazarin kiɗa, abin lura a nan shi ne kowane hakimi yana tafe da nasa makaɗan, ta yadda wanda ya samu inuwa a bakin hanya ya tsaya wuri guda zai ji algaita da farai da kotso da jauje da banga da kuge da gangunan Barebari suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da taken gidansa. Babu wani gidan adana kayan tarihi da zai iya jera masa su haka, suna raye, a cikin yini guda. Rumfunan da aka tanada a Ƙofar Kudu na manyan baƙi ne, amma titi na kowa ne, kuma a titin aka fi jin kiɗan da kyau.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ba na gini ba. Abin takaicin shi ne a daidai wannan tsakanin aka yi ta dakatar da hawan saboda dalilan tsaro masu nasaba da taƙaddamar sarautar Kano. Duk hawan da aka fasa, akan lissafa asarar masu sayar da abinci da masu hayar dawaki, ba a cika tuna makaɗan hakimai ba, waɗanda a waɗannan kwanaki ne suke samun babban rabonsu na shekara, kuma a nan ne yaransu ke koyon take a aikace.

3.2 Bandiri da Bege

A nan dole baƙo ya kiyaye harshensa, domin masu abin ba su kiransa kiɗa. Mabiya Ƙadiriyya zikiri suke yi, bandiri kuwa mataimaki ne. Malaman jihadi sun yi rubutu mai yawa a kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba na ganga da bushe-bushe, kamar yadda Erlmann ya tattaro a 1986, kuma wannan muhawara ba ta mutu ba. Duk da haka, kunne ba ya musun cewa maukibin Ƙadiriyya, wanda Shehu Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950, yana cikin manyan tarukan sauti na Kano. Cikin watan Rabi'us Sani ake yin sa, jama'a su taso daga Gidan Ƙadiriyya da ke Kabara rukuni-rukuni, kowace zawiyya da tutarta da masu bandirinta, su nufi maƙabartar Wali Mai Giginya.

Wata guda kafin wannan, watan Maulidi ya riga ya cika unguwanni da karatun Ishiriniya da majalisin sha'irai, inda akan shimfiɗa tabarmi a titi a kwana ana bege. Ranar Takutaha, mako guda bayan Maulidi, jama'a kan hau Dutsen Dala. Duk waɗannan babu mai tambayar baƙo ko sisi, har ma akan miƙo masa abinci. Abin da ake nema a gare shi shi ne shiga ta kamala da sanin inda maza ke zama da inda mata ke zama.

3.3 Tashe

Daga goma ga watan azumi yara kan fita tashe bayan shan ruwa, da gwangwani da tulu da ƙwarya da gemun auduga. Wannan ne wasan kwaikwayo mafi arha a ƙasar Hausa, domin ɗan canji ko ɗan hatsi ya wadatar. A Kano akwai tashen gwauraye da Nalako ke jagoranta, wanda manya ne ke yin sa.

4.0 Inda Ake Biyan Kuɗin Ƙofa

Gidan dambe yana cikin wurare ƙalilan da ake karɓar kuɗin shiga, kuma kuɗin ba ya fin ƙarfin lebura. A filin Ado Bayero da ke Sabon Gari akan kara tsakanin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada da yamma. Wanda ya zo don naushi zai gani, amma dambe rabinsa kiɗa ne. Kalangu gangar mahauta ce, dambe kuma wasansu ne tun asali, kuma kowane ɗan dambe da ya isa yana da takensa. Makaɗi na taɓa taken, sai a ga mutum ya zabura ya tsuma ya shigo fili yana kirari, tun ba a ambaci sunansa da baki ba. Wanda ya san abin da ke tsakanin Ɗan'anace da Shago ya san cewa sunan ɗan dambe ba ya wuce zamaninsa sai da makaɗi. Ga ɗalibin da ke son ya ga yadda ganga ke magana, wato yadda kalangu ke bin hawa da saukar karin sautin Hausa har jama'a su fassara, babu ajin da ya fi wannan sauƙin kuɗi.

Waƙar zamani kuwa ba ta buƙatar a neme ta. Situdiyoyin Titin Gidan Zu da kewaye suna fitar da waƙoƙin fim da na siyasa da na biki da na bege a kan kiɗan fiyano, su bi ta gidajen rediyo da shagunan masu tura waƙa a waya, su ƙare a lasifikar mai shayi. Abin da ke da wuya shi ne ganin mawaƙin a fili. Tun bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 da Hisba a 2003, wasan dandali na dare ya zama abin neman izini, kuma ya fi komawa zaurukan biki da tarukan siyasa. Tsarin bai sauya ba ko a nan: ango ko ɗan takara ne ke biya, jama'a su ji. Fitattun mawaƙan yau, duk da kwamfuta da YouTube, a kan turbar Shata da Ɗanƙwairo suke ta fuskar abin da ke ciyar da su.

5.0 Kura da Bunkure: Lokacin da Ruwa ya Sauya

Mai son ya ga ɗaya fuskar lamarin sai ya hau motar haya ya bi titin Zariya. Kimanin kilomita talatin daga birni zai iso Kura, gaba kaɗan ga Kadawa da Kwanar Gafan a ƙasar Garun Malam, Bunkure kuma tana kan hanyar Rano. Ko a tsakiyar watan Maris, lokacin da sauran ƙasar Kano ta yi fari fat, nan kore ne shar. Dalili shi ne madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda ruwanta ke gangarowa ta babbar hanyar ruwa ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har gonaki, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Yawo a bakin waɗannan magudanai da safe, da kallon yadda ake lodin kwandunan tumatir zuwa Kudu a Kwanar Gafan, da leƙa wuraren da mata ke turara shinkafa a Kura, duk ba su cin kuɗi in ban da na mota.

Kura tana da tsohon sauti nata tun kafin dam. Garin ya shahara da rini da bugu, har rawanin nan mai baƙin sheƙi ya ɗauki sunansa, ɗan Kura, kuma turkuɗinsa ya daɗe yana tafiya wurin Buzaye a hamada. Mabuga kan zauna su biyu ko fiye a gaban gungume suna sauke tabare a kan zane bi da bi, kowa na shiga tsakanin bugun ɗan'uwansa. Ba su ce kiɗa suke yi ba, amma wanda ya tsaya a ƙofar rumfar zai ji abin da ke cikin luguden mata a turmi: aikin da nauyinsa ya sa dole a yi masa kari. A birni ma akan ji irinsa a kusa da marinar Ƙofar Mata.

Domin a fahimci abin da ruwan Tiga ya yi wa kiɗa, sai an tuna yadda shekarar manomi take a da. Damina lokacin aiki ce, kuma kiɗanta na aiki ne. Mai gona kan kira gayya, ya tanadi fura da tuwo da goro, samari su jeru da fartanya ko garma, mai gangar noma ya bi su a baya yana kaɗa wa kowa takensa, yana zuga wanda ya yi gaba yana muzanta wanda ya sare. Sarkin noma da jaruman manoma suna da kirarinsu kamar yadda 'yan dambe ke da shi, kuma da waƙoƙin noma Musa Ɗanƙwairo ya fara kafin ya koma fada. Idan kaka ta yi, rumbu ya cika, sai hannu ya sake. A nan ne ake ɗaura aure, a yi kalankuwa, a kafa fagen dambe da kokawa, 'yanmata su cika dandali da gaɗa a farin wata, makaɗa su yi ta yawo gari-gari suna karɓar dame. Daga nan har saukar ruwan sama babu aikin gona, wasu su tafi cin rani, waɗanda suka rage su yi sana'ar hannu da hira. Kiɗan ƙauye ɗan wannan hutu ne. Dogon rani, duk da talaucinsa, shi ne ya ba shi fili.

Noman rani ya cinye wannan hutu. A yankin Kura da Bunkure ana girbe shinkafar damina ne ana gaggawar gyara fili domin alkama da tumatir da albasa da masara, waɗanda ake shukawa cikin sanyin Nuwamba da Disamba, a kwashe su kafin zafin bazara, wasu ma su sake zuba shinkafar rani. Watannin da a da suke na kalankuwa su ne yanzu na ban ruwa da feshi da tsinkar tumatir. Saurayin da zai kwana a dandali yana da layin ruwa da asuba, in ya makara maƙwabcinsa ya tare. Ga shi kuma wannan noma na kuɗi ne, ana sayen iri da taki da magani, ana biyan kuɗin ruwa, don haka aikin ma ya koma na kuɗi. Gayya bashi ce da ake biya da gumi, yau a gonar wannan gobe a gonar wancan, kuma tana yiwuwa ne inda kowa ke da irin aiki guda a lokaci guda. Inda ake ɗaukar 'yan ƙwadago a biya su da yamma ko a yi jinga, babu gurbin mai ganga, domin wanda aka yi jinga da shi ba ya buƙatar zuga, kuma mai gona ba zai ƙara bakin da ba ya riƙe da lauje ba. Haka injin niƙa da injin casa suka yi wa waƙoƙin niƙa da na daka a cikin gida.

Kuskure ne a karanta wannan a matsayin labarin asara zalla, kuma manomin Kura ba zai yarda a mayar da shi zamanin cin rani don a ji ganga ba. Ruwan ya kawo kuɗi, kuɗi kuma abincin makaɗi ne. Abin da ya faru shi ne kiɗan ya tashi daga gona da dandali ya koma gidan biki da taron siyasa da majalisin Maulidi. Bukukuwa sukan yawaita bayan an sayar da amfani, wanda yanzu ya zama sau biyu ko fiye a shekara. Manomin da tumatir ya yi wa kyau yana iya ɗauko mai kiɗan lasifika daga birni, ko ya sa a yi wa amarya da ango waƙa a situdiyo da sunayen dangi a ciki, abin da kakansa bai taɓa mafarki ba. In kuma kasuwa ta faɗi, kwando ya ruɓe a bakin titi, ko tsutsar tumatir ta sauka kamar yadda ta yi a 2016, makaɗa na cikin waɗanda ke fara ji a jikinsu. Cin rani ma ya juya: yankin da a da yake tura samarinsa waje, yanzu shi ke karɓar masu neman aiki daga wasu garuruwa, kowa da waƙoƙin garinsu a waya. Fulani makiyaya kan sauko domin ragowar gona da ruwa, kuma mai sa'a zai iya cin karo da sarewarsu ko taron sharo a lokacin bukukuwansu.

Baƙon da ya zo neman gangar noma a gonakin da ke shan ruwan dam zai fi jin ƙarar injin ban ruwa da babur da waƙar fiyano daga wayar da aka rataya a reshe, sai kuma ihun yara masu korar jan-baki daga shinkafa da gwangwanaye da aka ɗaura a igiya. In yana son tsohon kiɗan, sai ya fita daga inda ruwan ya kai, ya hau tudu inda har yanzu gero da dawa ke jiran sama, ko ya jira ranar da hakimi ko dagaci zai yi hawa, ko bikin naɗin sarkin noma. Tazarar da ke tsakanin gonar da magudana ta ratsa da wadda ba ta ratsa ba wani lokaci ba ta wuce tafiyar ƙafa ba, kuma wannan ya sa yankin ya zama wurin gwaji mai kyau ga mai nazari: al'umma ɗaya, harshe ɗaya, addini ɗaya, amma lissafin lokaci biyu.

Akwai kuma kiɗan da baƙo namiji ba zai ji ba ko nawa zai biya. Kiɗan ƙwarya da amada, irin wanda Barmani Coge da Uwaliya Mai Amada suka fito da shi fili, a tsakar gida ake yin sa ranar suna ko wunin biki, haka ma shantu. Baƙuwa kuwa ko ba a san ta ba, in ta bi wata ta shiga ta yi barka, ta samu wuri. Wannan na nufin taswirar kiɗan kyauta ba ɗaya ba ce ga maza da mata, kuma yawancin abin da aka rubuta a kan kiɗan karkarar Kano ta ƙofar zaure aka leƙa shi.

6.0 Baƙo Mai Waya

Tsarin da aka bayyana a sama ya ginu ne a kan cewa ɗan kallo yana tafiya da labari kawai. Yanzu yana tafiya da kiɗan kansa. Baƙo ko ɗalibi ya ɗaga waya a gidan dambe ko a gaban mai kotso, ya naɗi minti goma, ya ɗora a TikTok ko Facebook, wataƙila ma shafinsa ya samu kuɗi da shi. A lissafin al'ada bai ci bashin kowa ba tunda ba a wasa shi ba, amma a zahiri ya ɗauki abin da ya fi na wanda aka wasa daɗewa. Wasu makaɗa suna maraba da haka don yana kai sunansu inda ƙafarsu ba ta kai ba, wasu kuma sukan dakatar da kiɗa su nemi a sallame su tukuna. Dukansu suna da hujja, kuma al'adar ba ta riga ta yanke hukunci ba.

Ga masu bincike lamarin ya fi nauyi, domin su ne baƙin da suka fi kowa amfana da wannan arha. Kundaye masu yawa na digiri a sassan Hausa an gina su ne a kan hirar da aka yi da makaɗa a zaurukansu, a kan goro da kuɗin mota. Naɗar sautin gangar noma kuma ita ce mafi sauƙin aikin. Take magana ce da aka ɓoye a cikin ganga, kuma ba ya fassaruwa sai da wanda ya san kalmomin da ke ƙarƙashinsa da mutumin da aka yi wa shi da dalilin da ya sa. Waɗanda suka yi gayya a ƙasar Kura da Bunkure kafin ruwan Tiga ya iso a shekarun 1970, suna samari a lokacin, yau sun haura shekara saba'in. Akan same su da hantsi a gindin bishiya kusa da masallaci ko a rumfar mai gyaran fartanya ranar kasuwa, kuma da yawansu, in aka kaɗa musu taken da baki, za su faɗi mai shi da sunan gonar da aka yi gayyar.